Rediyon Baba a Kan Dutse

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki da duk mutanen sansanin. Mu nan lafiya lau, in ban da zafi. Bazarar bana da fushi ta zo. Fanka iskar wuta take hurawa, yaran ajina kuwa kafin a fita tara duk sun yi laƙwas a kan benci. Baba yana nan ƙalau, gwiwar ce dai takan motsa masa jefi-jefi.

Takardarki ta iso ta hannun direban motar kayanku. Ashe haka kike? Ki zauna kina karatun jarrabawar rediyo a ɓoye, har ki ci, har a ba ki lasisi da lambar kira, ni da nake ƙanwarki ban sani ba! Wallahi sai da na karanta wurin sau biyu. Ke da muna yara kike cewa rediyon Baba rediyon banza ne, ba ya waƙa ba ya labarai, sai dai mutum ya zauna yana kiran waɗanda bai taɓa gani ba a gajeren zango. Yau ga ki kin shiga sahun mahaukatan.

Na same shi a ɗakin rediyo, na tsaya a gabansa na karanta masa da muryata ta aji. Ya karɓi takardar ya duba da kansa, ya ɗora yatsa a kan lambarki, ya ce, "Lambar ba laifi." Shi ke nan fa abin da ya ce. Amma tun daga ranar mutumin nan bai zauna ba. Ya fito da tsohuwar waya ya shimfiɗa ta daga zaure har bakin kicin yana aunawa, na yi tuntuɓe da ita na kusa zubar da haƙori. Ya sa an yi masa cajin batirin tsohuwar mota. Ya samo wata doguwar gora, ban san inda ya samo ta ba, ban kuma tambaya ba.

Ya ce daga gida ba zai yiwu ba. Wai garin ya cika da hayaniyar lantarki, janareta nan, caja can, duk sun toshe masa zango. Kin san bangon nan nasa na katuna, waɗanda 'yan rediyo ke aiko wa juna ta gidan waya in sun yi magana kowa ya ji kowa? An fi shekara ba a ƙara ko ɗaya ba. Don haka dutsen bayan gari zai hau, inda babu wayar wuta ko ɗaya. Wa zai tuƙa shi, wa zai ɗauki batir? Auta mana, baiwar gida.

Kin tambaye ni ko har yanzu yana fushi da tafiyarki. Yaya, ban sani ba. Ni ma sai in yi masa magana daga kicin har in gaji, ya yi banza da ni. Tun rasuwar Umma miskilancinsa ya ƙaru. Ki dai sa rana ki aiko da wuri, kafin ya rushe mana gida da gorar nan.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da kyau. Ina lafiya, sai dai aiki. Zafin ya sa ma'aikatan ginin madatsar ruwan nan suna ta faɗuwa, kullum gadajena uku a cike, ni kaɗai ce ma'aikaciyar jinya tun da abokiyar aikina ta tafi haihuwa.

Ga rana: Asabar ta farko a wata mai kamawa, da rana tsaka, a mita arba'in. Na san Baba zai ce tsakar rana ba lokacin rediyo ba ne, amma lokacin kaɗai nake samun mai riƙe min ɗakin magani. Shi zai fara kira, ni in amsa. Da rediyon Injiniya zan yi, dattijon da ke kula da wutar sansanin. Shi ya koya min komai, ya kuma ce eriyarsa tana kaiwa wajenku sarai.

Ki daina min dariya, Auta. Ina cikin yi wa mutum allura sai in ji ina maimaita lambata a zuci. Ba ki san abin da nake ji ba. Ranar da zan taho na tsaya a ƙofar ɗakin rediyo da jakata, yana zaune ya ba ni baya, na ce, "Baba, zan tafi." Ko juyowa bai yi ba. Na sake faɗa, shiru. Na ja jakata na fita. Yanzu in na samu na shiga gari inda waya ke kamawa na kira, ina cikin magana sai ya ce, "To, to, madalla, ga Auta." Shekara biyu ke nan. Mutumin da ke iya wuni yana hira da baƙo a ƙarshen duniya ya kasa ba 'yarsa minti ɗaya. Shi ya sa na ce tunda ba zai yi min magana a inda nake ba, bari in same shi a inda yake yi wa kowa magana.

Ki ɗauki ruwa da yawa da lema. Kada ki bar shi ya hau da gudu.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki don gaisuwa dole ce. Muna lafiya, ko in ce mun dawo da rai. Baba yana kwance, kansa na sarawa, na ba shi ruwan gishiri da sukari yadda kika koya min. Ni kuma kafaɗata ta saɓule saboda batir.

Ina kika shiga jiya?

Bari in ba ki labari, ki ji abin da kika jawo. Tun safe ya shirya, ya sa farar rigarsa ta zuwa taro, kamar kina iya ganin sa ta cikin waya. Yana ta kai-komo tsakanin mota da zaure, ya duba agogo, ya buɗe but ɗin mota ya ƙirga kaya, ya rufe, ya sake buɗewa. Na ajiye mota a gindin dutse muka fara hawa, shi da akwatin rediyo a ƙirji da gora a kafaɗa, ni da batir da jarkar ruwa. Kafin mu kai rabi na jiƙe sharkaf. Na ce, "Baba, mu huta." Yana gaba, ko waiwaye.

A saman dutsen bishiya ɗaya tal, ita ma ganyenta bai fi a ƙirga ba. Ya ɗaura dutse a igiya zai jefa a reshe don ya ja wayar eriya. Jifan farko ya dawo ya kusa fasa min kai. Na biyu ya maƙale, muka yi ta fizga har reshen ya karye. Daga ƙarshe ni na jefa ya hau, kuma ko sannu. Ɗaya bakin wayar muka ɗaura a gora, gorar kuwa ta ƙi tsayuwa a tsagin dutse, sai ni aka sa na riƙe igiyarta. Ki kalle ni, malamar makaranta guda, tsaye a rana ina riƙe da igiya kamar an ba ni kiwon akuya.

Rana ta take, Yaya. Ba iska ko ta magani. Dutsen ba ya zaunuwa, takalmina har laushi ya yi. Lemar da kika ce in kawo masa, rediyo ya kafa wa, wai in akwatin ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi. Shi ya zauna a fili da hula kawai. Ya ɗora abin kunnensa. Kin san dokar abin kunnen nan tun muna yara: wanda ya taɓa shi ya shiga uku. Don haka ni ba abin da nake ji sai muryarsa da ƙudaje.

Ya danna makirufo ya kira lambarki, ya faɗi tasa, ya saki ya saurara. Ya girgiza kai. Ya sake. Ya ɗan murɗa mita gaba, ya dawo da ita baya, ya sake. Ya tashi ya duba waya, ya ce na saki igiya, alhali ban motsa ba. Ya koma ya sake kira. Gumi na ɗiga daga gemunsa a kan takardar da ya rubuta lambarki, har tawadar ta baje. Na kai masa ruwa, ruwan ma ya zama na wanka, ya ture da hannu. Na ce, "Baba, ko ta makara ne, aiki ya riƙe ta?" Ya ce, "Ɗan rediyo ba ya makara."

Can da ya ga abin ba na ƙare ba ne, sai ya ajiye lambobin gaba ɗaya. Ban taɓa jin Baba ya karya ƙa'idar kira ba sai jiya. Ya riƙe makirufo da hannu biyu ya yi magana irin ta gida. Ba zan rubuta miki abin da ya ce ba, tunda ba ki ga damar zuwa ki ji ba. Ni dai na juya baya na kalli gari, don kada ya ga idona.

Haka muka yi ta yi har batir ya mutu. Ya cire abin kunne, ya naɗe wayarsa a hankali, ya ce, "Ba ta zo ba."  A gangara gwiwar ta riƙe, sai da na kai kaya mota na dawo na tallafo shi.

Yau da safe na tarar yana cire katuna daga bango yana jerawa a kwali. Ya ce in kira masa mai gyaran rediyon bakin kasuwa ya zo ya kwashe akwatin ya cire abin da zai amfane shi. Na ce, "Haba Baba, saboda rana ɗaya?" Ya ce shi dai ya gama.

In majinyaci ne ya riƙe ki, ki faɗa. In tsoro ne ya kama ki, ki faɗa. Amma ki faɗi wani abu, don ni na kasa zaune na kasa tsaye, kuma motar kayanku sai ta ga dama take zuwa.

Auta

*

Auta,

Da fatan kun sauka daga dutsen lafiya. Ni ƙalau nake a jiki. Yammacin Asabar ɗin nake rubuta wannan, ban san yaushe mota za ta tashi ba, amma in ban rubuta yanzu ba zan fashe.

Tun kafin lokaci ina ɗakin Injiniya. Kwantena ce ta ƙarfe, ki ƙiyasta yadda take da rana tsaka. Ya kunna, ya miƙa min kujera, ya koma gefe. Sai ga muryar Baba, Auta. Tar, kamar yana bayan labule. Yana kiran lambata harafi-harafi da muryar nan tasa ta tsohon ma'aikacin gidan waya. Na danna na amsa. Na saki. Sai ya sake kira, kamar ban yi magana ba.

Na ce wataƙila ban danna da kyau ba. Na sake. Ya sake kira a kaina. Injiniya ya duba allurar akwatin ya ce ƙarfinmu na fita lafiya lau. Ya karɓa ya kira da kansa, Baba ya bi ta kansa ya wuce. Har wani baƙo da ke sauraro daga wani wuri ya shigo ya ce, "Dattijo, ga mace tana amsa maka, ina jin ku duka biyu." Shi ma ko kallo. Ina ji ya manta bai saki makirufo ba yana cewa, "Auta, ja igiyar nan, kin sake ta." Ina jin ki kina cewa, "Ban motsa ba, Baba!" Ko ƙarya nake yi?

Sannan ya ce, "Likita, in kina ji na, babanki ne. Na zo." Sunan da yake tsokana ta da shi tun ina makarantar jinya. Na amsa har muryata ta dushe, a gaban dattijon mutane, ba kunya. Shiru. Sai lambobi kuma, har muryarsa ta yi ƙasa ta ɓace.

Ki gaya min, wane irin horo ne wannan? Baƙo ya ji ni, Injiniya ya ce ko rediyon hannu zai kama mu, sai Baba da ya fi kowa kunnen rediyo ne bai ji ba? Ya ji ni, Auta. Irin na ranar da na taho ya sake yi min, wannan karon a gaban duniya. Ya kira ni in zo, na zo, ya ba ni baya. Injiniya ya fara cewa wani abu game da zafi da akwati, na tashi na bar masa ɗakin.

Na riga na cike katin da zan aiko masa, irin nasu, da lambarsa da tawa. Ga shi nan na sako, ki jefar ko ki yi fifita da shi. An tambaye ni ko zan ƙara wa'adi a nan in aikin bana ya ƙare. A da na ce a'a. Yanzu ban ga abin da zan koma yi ba.

Yayarki

*

Auta,

Gaisuwa. Motar da za ta tafi da waccan takardar ba ta tashi ba tukuna, sai ga wata ta kawo takardarki. "Ba ta zo ba"? Ni ce ban zo ba? Har ke ma? To na ga inda kika rubuta ya ce ya gama. Na gane. In ya gama da ni, ba sai ya wahalar da mai gyara ba. Manajan sansanin zai zo ƙarshen wata, zan ce masa na zauna. Ki ci gaba da ba shi ruwa, kada ya fita rana.

Y.

*

Yaya,

Ki tsaya. Kada ki ce wa manajan nan komai sai kin karanta wannan har ƙarshe. Muna lafiya, kan Baba ya daina ciwo. Na yi wa direba alkawarin zan ɗinka wa 'yarsa jakar makaranta in ya kai miki wannan hannu da hannu.

Takardunki biyu tare suka iso. Da na kai inda kika rubuta "ja igiyar nan, kin sake ta," sai da na zauna a ƙasa. Da "Likita, na zo." Kalma-kalma haka ya faɗa. Ki yafe min abin da na rubuta, bakina ya fi hankalina sauri, kin sani. Amma ni ina wurin, Yaya, ina kallon fuskarsa. Mutumin da ke horon wani ba ya irin wannan fuskar. Na wuni ina zagaye tsakar gida, na ɗauki tsintsiya na ajiye, na ɗora ruwa na manta da shi har ya ƙone.

Washegari mai gyara ya aiko zai zo da yamma. Baba ya ce bari ya kunna akwatin sau ɗaya ya tabbatar ba matacce zai ba mutum ba. Ya haɗa shi da eriyar gida, ya ɗora abin kunne, ya ba ƙofa baya yana murɗa mita. Na tsaya a bakin ƙofa, daidai inda kika tsaya da jakarki. Na ce, "Baba." Shiru. Na ce, "Baba, gobara!" Wallahi ko gezau.

Sai na yi abin da ba mu taɓa yi ba. Na lallaɓa na zare wayar abin kunnen daga jikin akwati. Yaya, ɗakin ya cika da mutane! Lasifika na ta zuba, wannan na kira, wancan na amsawa, wani na dariya, har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Baba na zaune da abin kunnen da ba ya haɗe da komai, yana murɗawa. Ya ga inuwata ya juyo ya ce, "Kin gani ko? Shuuu kawai. Ba kowa. Sun lalata zangon."

Ba hayaniyar lantarki ba ce, ba zafi ba ne, ba fushi ba ne. Kunnen ne. Ni yana ji na ne don a gabansa nake tsayawa, yana kallon bakina, ga shi Allah ya ba ni muryar da ke tsayar da aji guda. A waya ba ya ganin bakinki, shi ya sa yake cewa "to, to, madalla" ya miƙo min kafin a gane. Ni da nake gida ɗaya da shi ina ta kiran abin miskilanci.

Na zagayo gabansa na nuna masa bakin wayar a hannuna. Ya ɗaure fuska zai fara faɗan an taɓa masa kaya. Na kama hannunsa na ɗora tafin a kan lasifika. Yana jin ta tana kaɗawa a ƙarƙashin hannunsa, magana bayan magana. Ya daɗe bai ɗauke ba. Ban taɓa ganin Baba ya tsufa a gabana ba sai lokacin.

Na ba shi doguwar takardarki da katin. Gajeriyar na ɓoye, ba zan ba shi ba, ke ma ki manta kin rubuta ta. Ya karanta a tsaye. Da ya kai wajen baƙon da ya ce yana jin ku duka biyu, sai ya cire tabarau ya fita. Na ɗauka banɗaki ya nufa, ashe bakin titi ya je ya tsaya a rana, wai yana duba ko motar kayanku za ta wuce. Da ƙyar na shigo da shi. Na kai shi asibitin kunne, sauran bayani yana cikin tasa takardar. Ya hana ni karantawa, ya liƙe ta da kansa.

"Na gama" da rediyo yake nufi, sarauniyar fassara.

Autarki

*

Likita,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ni lafiya, sai abin da Auta ta gaya miki. Likitan kunne ya ce na hagu ya tafi. Na dama za a gwada masa na'ura, bai yi alkawari ba. Na daɗe ina zargin haka, na fi son in zargi janaretan maƙwabta.

Katinki ya iso. An cike shi daidai, rubutun ma ya fi na wasu da suka shekara talatin a kan zango. Amma ba zan kafa shi a bango ba. Kin ci jarrabawa, kin san ƙa'ida: kati sai in kowa ya ji kowa. Ke kin ji ni, ni ban ji ki ba. Ban taɓa kafa katin ƙarya ba, ba zan fara da naki ba. Yana aljihun rigata.

Na sallami mai gyara. Na ba Auta abin kunne. Doka ba ta hana marar lasisi sauraro ba, ta hana shi magana ne, kuma wannan zai yi wa Auta amfani.

Ranar da kika tafi na zauna a ɗakin nan ina jiran ki shigo ki yi min sallama. Da na gaji na fito, aka ce ai mota ta tashi tuntuni. Na ɗauka ke ce kika tafi da fushi don na ce kada ki karɓi aikin. Ban faɗa wa kowa ba.

Takardarki ta ce kin amsa har muryarki ta dushe, amma ba ta faɗi abin da kika ce ba. Baƙo ya ji, Injiniya ya ji. Ni aka yi wa maganar. Ki rubuto min ita yadda kika faɗa, kada ki gyara.

Ki gaida Injiniya, ki ce na gode.

Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan gwiwar ta saki. Ina lafiya. A tsaye nake rubutu, direba na danna min ham ɗin mota.

Na shirya jawabi mai kyau, Baba. Lambarka, lambata, ƙarfin da nake jin ka da shi, irin eriyar da muke kai, duk yadda aka koya min. Da na ji muryarka komai ya gudu, har lambar tawa. Injiniya yana nuna min ita a jikin bango, ban iya karantawa ba. Abin da na yi ta faɗa ke nan, ban gyara ba:

"Baba, ni ce. Ina jin ka. Baba, ina jin ka."

Shi kaɗai, tun daga farko har batirinka ya mutu.

Manaja ya zo, na ce masa a nemi wata. Kada ka ƙara hawa dutsen nan cikin zafi. Ka bar katin a aljihu. In na iso zan ja kujera in zauna a gabanka, wajen taga inda haske yake, in sake faɗa har ka ji, sannan ka kafa shi.

'Yarka,
Likita